Dozin ɗin Baba Pam

Ruwa ake yi ranar da na shiga Jos, irin ruwan nan mai sanyi da ke ratsa ƙashi, ni kuwa daga ni sai 'yar riga mai gajeren hannu da silifa. A garinmu Tasawa, can cikin Nijar, babu wanda ya taɓa gaya mini akwai inda ake hura wuta a ji ɗumi da damina. Turanci ne ya kawo ni. Na yi bokon Faransanci har inda ƙarfin gidanmu ya tsaya, sai na riƙa jin 'yan kasuwar da ke shiga Najeriya suna cewa Turancin Jos ya fi na ko'ina tsabta, na kuwa ɗauki maganar da gaske. Akwai wani ɗan garinmu da aka ce yana gadi a can, aka rubuta mini lambarsa a takarda. Na kira ta a tasha har na gaji, ba ta shiga ba, kuma har yau ban sa mutumin a ido ba.

Ina tsaye ina rawar ɗari sai ga wani mutum fes da shi, da hula da carbi a hannu, ya ce ai ya san ɗan garin namu, maƙwabcinsa ne ma. Ya karɓi jakata, wai baƙo ba ya ɗaukar kaya. Muka biya masallaci don la'asar, ya ce in yi alwala, shi yana da tasa. Ko da na ɗago kai daga wanke ƙafa, babu shi babu jaka. Bargona na ciki, da takardun makarantata, da kilishin da Inna ta ƙunsa mini. Abin da ya rage mini ɗan ƙamus ne na Faransanci da Turanci da ke aljihun wandona. Na zauna a bakin masallacin na yi kuka wiwi, kuma a wurin na ƙudurta a raina cewa kowa a garin nan ɓarawo ne sai wanda na gwada na gani. Ƙudurin nan ya fi satar jakar yi mini ɓarna.

Wani direba mai suna Isiyaku ne ya tsince ni a nan. Bai yi mini dogon bincike ba, ya ce in tashi mu tafi. Gidansu yana Gangare, cikin wani lungu da sai ka karkace za ka wuce idan mai kura ya taho. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, matarsa ta aiko da tuwo da tsohon zane na rufa. Kwana takwas na yi a zauren nan ina jin ƙananan yara suna zuba Turanci a lungu kamar a bakinsu aka ƙirƙire shi, ni kuwa da gemuna ko gaisuwa ba na iya haɗawa. Kewar gida ta dame ni har abinci ya daina yi mini daɗi. A rana ta tara Isiyaku ya ce ya samo mini aiki a lambun da yake ɗaukar wa kaya zuwa Abuja.

Lambun yana bayan Rayfield, gefen wani tsohon ramin kuza da ya cika da ruwa. Da na ji an ce lambu na ɗauka albasa ce ko tumatir. Ashe fure ne, furen wardi da a can suke kira ros, ja da fari da ruwan goro, jere-jere har inda ido ya ƙare. Na yi dariya a zuciyata, na ce yau ga mutanen da ke noma abin da ba a ci. Mai lambun wata mata ce da kowa ke kira Madam. Mijinta ne ya kafa shi, ya rasu a farkon shekarar, ita kuwa ma'aikaciyar ofis ce da ba ta san kan aikin ba, sai dai ta zo da mota ta zagaya da takalma masu tsini. Wanda ya san kan aikin wani tsoho ne daga Kabong, Baba Pam, wanda ya fi shekara ashirin a wurin.

Baba Pam gajere ne, hannuwansa duk zanen ƙaya. Ya dube ni sama da ƙasa ina karkarwa, ya shiga rumfa ya fito da wata koriyar suwaita mai faci a gwiwar hannu.

“Ɗan Faransa,” in ji shi, “kai za ka mutu kafin fulawa ya mutu. Sa wannan. Matana ne ya saƙa.”

Haka Hausarsa take, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa, tun ina gyara masa a zuci har na saba. Da rana ya buɗe kwanonsa na gwate ya turo mini, na yi jim ina kallon abincin. Ya gane abin da ke raina, ya ce, “Babu nama a ciki, acca ne da ganye. Ka ci, ba zan sa ka zunubi ba.” Shi Kirista ne, dattijo ma a cocinsu, amma shi ya share mini wani lungu a rumfar kaya ya ce nan ne masallacina. Idan aiki ya ɗauke mini hankali, sai in ji muryarsa daga can ƙarshen kunya: “Ɗan Faransa, rana ya karkata, je ka gaida Allah!” A rumfar nan na koma da kwana, kuma da suwaitarsa na ga bayan daminar.

Ranar Alhamis ce babbar ranar aiki. Da sassafe, kafin rana ta taɓa furen, ake yanka. Mata biyu su kankare ƙayar, Baba Pam ya ɗaure dami-dami, ni in naɗe kowane dami da jiƙaƙƙiyar jarida in jera a kwali, Isiyaku ya loda ya kama hanya. Wata mata ce a Abuja ke saye, mai ƙawata wuraren biki. Kowane dami dozin ne, haka ake faɗa, haka kuma ake rubutawa a jikin kwali. Ɗaurin kuwa Baba Pam bai yarda kowa ya taɓa ba. Da yarensu yake ƙirgawa a hankali, kamar mai lazimi, ya ja zare da haƙori ya miƙo mini.

Da na ɗan samu abin hannu sai na shiga wani ajin koyon Turanci a cikin gari, Asabar da Lahadi da yamma. Malamarmu Bayarabiya ce mai fara'a, tana haɗa Hausa da Turanci don irinmu. Wata rana ta rubuta dozen a allo, kalmar da mu muke ce wa dozin, ta tambayi ma'anarta. Ni da ban taɓa ɗaga hannu ba, ranar na riga kowa, don Faransanci ma yana da 'yar uwarta. Na ce goma sha biyu. Ta sa aka tafa mini. Ta ƙara mana bayani cewa rabin dozin shida ne, da shi ake sayen ƙwai da kofuna da maɓallai, idan kuma Bature ya ce mutane dozin-dozin sun taru, ba ƙirga su ya yi ba, yawa kawai yake nufi. Amma dozin ɗaya, in ji ta, sha biyu ne ko a ina, ba ƙari ba ragi. Na fito ajin nan kaina ya yi girma. Wata uku ina jin kaina jaki a garin mutane, yau ga kalma guda da na riƙe da hannu biyu.

Alhamis ɗin da ta biyo baya, don jin daɗin karatuna kawai, na ƙirga damin da Baba Pam ya miƙo mini da Turanci. Na kai sha biyu, ga ɗaya ya rage. Na ce kuskure ne, na ƙirga na biyu, sha uku. Na uku ma sha uku. Dami arba'in muke ɗaurawa, ke nan kowane mako fure arba'in na fita daga lambun ba da sanin mai shi ba. Nan take fuskar mai carbin nan na tasha ta dawo mini. Na ce ashe, shi ma wancan da fara'a ya fara.

Mako uku ina ƙirgawa a ɓoye. A cikin mako ukun nan na ci gwatensa ya fi sau goma sha biyar, muna zaune gwiwa da gwiwa, kuma ban buɗe baki na ce, Baba, me ya sa kake sa sha uku ba. Tambaya ɗaya ce, da ta ƙare komai. Na hana kaina yin ta, wai kada ɓarawo ya farga. Ba zan kuma ɓoye ɗaya dalilin ba: ina so Madam ta san akwai mai ilimi a lambunta, ba mai jiƙa jarida kawai ba. Ranar wata Laraba na tare ta a bakin mota, na harhaɗa ɗan Turancina na gaya mata.

Washegari ta zo tun ba a gama ɗauri ba. Ta sa aka kwance dami biyar a gaban kowa, ta ƙirga da kanta.

“Baba, mene ne wannan?”

“Dozin ne, Madam.”

“Haruna,” ta juyo gare ni, “kai da kake zuwa makaranta, dozin nawa ne?”

Na amsa mata da Turanci, da ƙarfi, don kowa ya ji.

Baba Pam bai ko dube ni ba. Ya ce, “Madam, hanya yana cin ɗaya. In na sa sha biyu a nan, sha ɗaya zai kai. Oga ya sani, tare muka fara haka.”

“Oga ba ya nan balle in tambaye shi,” in ji ta. Ta ciro waya ta kira matar Abuja, ta buɗe murya kowa na ji, ta tambaye ta fure nawa take samu a kowane dami. Matar ta ce sha biyu cif, shekara da shekaru ba a taɓa yi mata ƙwange ba, yaran shagonta ne ke kwancewa su jera mata a bokiti. Madam ta kashe wayar ta ce, “To, sha uku ya tashi, sha biyu ya isa. Ina ɗayan yake zuwa?”

Isiyaku ya rantse bai taɓa kwance dami ba, ta ƙyale shi don ba ta da abin kama shi. Hannun da ya ɗaura shi ta riƙe. A gaban matan da ke kankare ƙaya, waɗanda cocinsu ɗaya da shi, ta ce ba za ta zauna da ɓarawo ba, tun mijinta na da rai ashe ake cin sa. Baba Pam ya ajiye zaren, ya wanke hannu a bokiti, ya ɗauki kwanonsa. Sai da ya zo daidai ni ya tsaya, na ɗauka zagi zai yi. Ya ce, “Jan nan na bakin ruwa, kada ka ba shi ruwa da rana, yana ƙonewa.” Ya fita. Ina sanye da suwaitarsa a lokacin.

Madam ta ba ni ɗaurin. Na riƙa sa sha biyu cif, ina jin kaina mai gaskiya. Makon farko matar Abuja ta kira ta ce kaya bai cika ba. Mako na biyu ta kira da faɗa. A na uku Isiyaku, wanda tun ranar bai ƙara yi mini magana ba sai gaisuwa, ya ce, “Shiga mota. Yau da idonka za ka gani.”

Ban taɓa sanin a kan dutse muke zaune ba sai da muka fara gangara Hawan Kibo. Kunnuwana suka toshe, sanyin ya yanke kamar an rufe ƙofa, kafin Akwanga na tuɓe suwaita ina gumi. Ga ramuka, ga shingen duba kaya inda za a tsayar da ku a rana a ɗaga kwali a dangwarar. Da muka isa na tsaya a kan yaran shagon suna kwancewa. Kusan kowane dami akwai fure ɗaya da ya sunkuyar da kai ko ya karye a wuya, mafi yawa na gefe, inda zare ya ciza kuma jikin kwali ya goga. Yarinyar da ke kwancewa tana cire shi tana jefawa a kwandon shara ko kallo ba ta yi. Na tambaye ta ko da ma haka suke yi. Ta ce kullum, ai ɗaya ba ya rasa mutuwa, da can in sun yar sai su tarar da sha biyu, yanzu ne abin ya lalace. Sai a lokacin na tuna yadda Baba Pam ke zaɓar wanda ya fi kauri ya sa shi a gefe kafin ya ja zare. Ni a lambu nake ƙirga dozin, shi kuwa a hannun mai saye yake ƙirga nasa.

A hanyar dawowa Isiyaku ya ce, “Ka gani?” Na ce na gani. Ya ce, “To, bakin da ya ɓata shi ne zai gyara. Ni in na faɗa cewa za ta yi abokin sata ne.”

A nan ne laifina na gaske ya fara, don na farko ana iya cewa jahilci ne. Madam ta tambaye ni abin da na gano, na buɗe baki sai na hango kaina a bakin masallacin tasha, ba aiki ba wurin kwana. Na ce mata zafin hanya ne, zan ƙara jiƙa jarida. Alhamis ta zagayo, na juya wa matan baya, na zaɓi mai kauri na sa a gefe, na ɗaure sha uku. Ƙorafi ya ɗauke daga Abuja. Madam ta yaba mini, har ta kawo mini sabuwar rigar sanyi daga kanti, ta ce ilimi daban ne. Wata biyar ina aikata abin da na sa aka kori tsoho a kansa, ina shan yabo. Matan nan biyu suka gaya mini an karɓe makullin ɗakin ajiya na coci daga hannunsa, wai sai an gama bincike. Kowace Laraba sai in ce gobe zan faɗa mata, kowace Alhamis kuma in ga motarta in kama wani aiki.

Abinci ya sake fita raina, ajin Turancin ma na daina zuwa. Da aka aiko cewa Inna ba ta jin daɗi, wallahi har da sauƙi na ji, don na samu hujjar gudu. Ana gobe zan tafi na ninke koriyar suwaitar na nemi gidansa a Kabong. Na same shi a bayan gida yana ba 'yan kunyoyin kabeji ruwa da gwangwani, ya rame, wandon ya yi masa yawa. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa suwaitar.

“Ɗan Faransa,” ya ce, “nawa kake sawa yanzu?”

“Sha uku, Baba.”

Ya gyaɗa kai. “Madam ya sani?”

Na sunkuyar da kai ina kallon gwangwanin.

“To,” in ji shi. Ya turo mini suwaitar ya ce in riƙe, motar safe akwai sanyi. Ya ɗauki gora ya nufi bishiyar fiya da ke tsakar gidan, ya kakkaɓo, matarsa ta kawo leda ba tare da ta amsa gaisuwata ba. Ya zuba ya ƙulle bakin ya ce, “Ka kai wa mamanka dozin ɗaya. Ka ce wani tsoho a Jos yana gaishe shi.”

Na ce, “Baba, ka yafe mini.”

Ya ce, “Je ka, rana yana faɗuwa, ba ka yi sallarka ba.”

Daga gidansa na yi niyyar wucewa Rayfield kai tsaye in faɗa wa Madam gaskiya. Na tsaya a bakin titi, Keke mai ƙafa uku ya zo yana kiran can, na bar shi ya wuce. Na biyu ma ya wuce. Na uku na Gangare ne, unguwar su Isiyaku, shi na shiga. Na ce in na isa gida zan kira ta a waya, ya fi sauƙi. Da na isa na ce sai Inna ta warke. Bayan shekara biyu Isiyaku ya kira ni ya ce Baba Pam ya rasu, Madam kuma tuni ta sayar da lambun ta koma wurin 'yarta a ƙasar waje. Makullin cocin ba a mayar masa ba har ya tafi. Ɗan ƙamus ɗin nan yana nan wurina, kuma sai daga baya, da Turancin ya ɗan zauna, na lura da wani ƙaramin layi a ƙarƙashin kalmar dozin, inda aka ce su ma Turawan suna da dozin na masu gasa burodi, wanda yake sha uku. Yana aljihuna duk tsawon mako ukun da na yi ina ƙirga.

Kwana biyu na yi a hanyar gida, daga Jos zuwa Kano, daga Kano zuwa iyaka, ledar tana tsakanin ƙafafuna ana ta takawa ana dannewa da buhuna. Ban buɗe ta ba sai a gaban Inna, tana zaune a tabarma ta ɗan samu sauƙi. Na ce mata wani tsoho ne ya ce a kawo mata dozin ɗin fiya. Ta juye a faranti. Ɗaya ta fashe ta yi baƙi, Inna ta ɗauke ta da yatsa biyu ta jefa wa awaki, ta ƙirga sauran tana taɓa kowace.

“Sha biyu cif,” ta ce. “Kai, wannan mutum akwai amana. Allah ya sa dai ka rabu da shi lafiya.”

Na ce mata ruwa nake so in sha, na tashi na fita.